Kayan sauti na mota: abin da ya kamata mai farawa ya sani kafin ya kashe kuɗinsa

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram, Garwa da Njamena na hannu ne, waɗanda aka daɗe ana shigowa da su daga Turai da Amurka ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano, Lome da Duwala. Da yawa daga cikinsu na isowa ne da tsohon rediyo wanda ba ya karɓar filas ko Bluetooth, da lasifikokin da suka fara tsagewa. Shi ya sa sauya kayan sauti ke cikin ayyukan farko da sabon mai mota ke kai wa mai gyaran wuta. A nan ne kuma ake yawan tafka asara: lasifika ta ƙone bayan mako biyu, batir ya riƙa mutuwa da safe, wani lokaci ma waya ta kama da wuta a ƙarƙashin kujera. Galibin waɗannan matsaloli na faruwa ne saboda an sayi kayan da ba su dace da juna ba, ko kuma ba su dace da wutar da motar ke iya bayarwa ba.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1930 kamfanin Galvin da ke birnin Chicago na Amurka ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola, ɗaya daga cikin na farko da suka samu karɓuwa a kasuwa, har daga baya kamfanin ya ɗauki wannan suna. A Jamus, Blaupunkt ya fitar da nasa a 1932, sannan ya kawo mai kama tashoshin FM a 1952. Kaset ɗin da Philips ya ƙirƙiro a 1963 ya mamaye motoci na tsawon shekaru, faifan CD ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, yanzu kuma filas da wayar salula ne suka karɓi ragama. Abin da ake sakawa ya sauya, amma tsarin aikin yana nan yadda yake.

Sassa huɗu da ke aiki tare

Sashe na farko shi ne rediyon da ke gaban direba, wanda ake kira autoradio da Faransanci. Shi ne ke ɗauko sautin daga tasha, filas ko waya. Na biyu shi ne na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda masu gyara ke kira ampli. Kusan kowane rediyo na da ƙaramin ampli a cikinsa, ana kuma iya ƙara babba daban. Na uku su ne lasifikoki, masu mayar da wutar lantarki ta zama sautin da kunne ke ji. Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne wutar kanta: batir, altaneta, wayoyi da fiyus.

Idan ɗaya daga cikin huɗun ya gaza, sauran ba za su rufa masa asiri ba. Ampli mai tsada da aka haɗa da siririyar waya ba zai ba da ƙarfinsa ba, haka nan lasifika mai kyau da aka ɗaura a ƙofa mai karkarwa za ta yi ƙara kamar gwangwani.

Rediyo: girma, tashoshi da launin waya

Ramin da ake saka rediyo na da ma'auni na duniya da ake kira DIN. Mai DIN ɗaya na da faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50. Mai DIN biyu faɗinsa ɗaya ne, amma tsayinsa milimita 100, kuma shi ne girman yawancin masu allon taɓawa. Sababbin motoci da dama ba sa bin wannan ma'auni, don haka sai an nemi firam na musamman da ya dace da samfurin motar. A auna ramin kafin a je kasuwa.

Akwai wata matsala da masu motocin Amurka ke cin karo da ita. Rediyon da aka ƙera domin kasuwar Amurka na tsayawa ne kawai a kan mitocin FM da ke ƙarewa da lambar mara, kamar 88.1, 88.3 da 88.5. Tashar da ke watsa shirye-shiryenta a kan mita irin 96.2 ba za ta fito tangaran ba, ko kuma rediyon ya tsallake ta. Wanda aka ƙera domin Japan kuma yana farawa ne daga 76, tsofaffinsa na tsayawa a 90, alhali tashoshin Afirka na tsakanin 87.5 da 108. Wannan ba lalacewa ba ce. A wasu rediyoyin ana iya sauya yankin a cikin saiti, a wasu kuwa sai dai a canza rediyon.

Rediyoyin da ake sayarwa daban, irin su Pioneer, Sony, Kenwood, JVC da Alpine, na bin tsarin launi kusan iri ɗaya. Rawayar waya na zuwa wutar batir da ba ta yankewa, ita ce ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja na zuwa wutar da ke kamawa idan an murɗa makulli. Baƙa ita ce ta ƙasa, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, masu gyara a ƙasashen da ke amfani da Faransanci na ce mata mas. Shuɗiya mai farin zane na tayar da ampli. Na lasifika kuwa: fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, kuma kowace na da abokiyarta mai baƙin zane.

Idan rediyo na manta tashoshi da agogo duk lokacin da aka kashe mota, kusan kullum ja da rawaya ne aka musanya. Hakan na yawan faruwa a wasu motocin Volkswagen, Audi da Opel, waɗanda tsarin soket ɗinsu ya sha bamban. Idan kuma aka haɗa ja da rawaya wuri ɗaya a kan wutar batir, rediyon ba zai mutu da makulli ba, kuma zai iya shanye batir a hankali.

Launukan wayoyin da motar ta zo da su daga kamfani ba sa bin wannan tsari. Hanya mafi aminci ita ce sayen soket mai haɗa rediyon da na motar ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba.

Lambobin da ke jikin kwali

A nan ne aka fi yaudarar mai saye. Ana auna ƙarfin sauti da wat, amma wat iri biyu ne a jikin kwali. Akwai wanda ake rubuta wa Max, Peak ko PMPO, wato ƙarfin da na'urar za ta iya taɓawa na ƙiftawar ido, wani lokaci ma lambar talla ce kawai. Akwai kuma RMS, wato ƙarfin da za ta iya bayarwa ko ɗauka a kai a kai ba tare da ta lalace ba. RMS kaɗai ne abin dubawa.

Misali, rediyon da aka rubuta wa 4 x 50W yawanci yana ba da tsakanin wat 15 zuwa 22 RMS ne ga kowace lasifika. Dalilin shi ne wutar mota ba ta wuce kusan volt 14 ba, kuma ƙaramin amplin da ke cikin rediyo ba ya ɗaga ta. Babban ampli na da wani sashe a ciki da ke ɗaga wutar, shi ya sa yake iya ba da ƙarfin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Akwai dabarar gane ampli mai ƙaryar lamba. A duba fiyus ɗin da ke jikinsa, a ninka lambarsa sau 14. Ampli mai fiyus na amfiya 20 ba zai iya jawo fiye da kusan wat 280 daga mota ba, kuma wani kaso na wannan na tafiya a zafi. Idan an rubuta 3000W a jikinsa, lissafin ya nuna ba zai yiwu ba.

Lamba ta biyu ita ce om, ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta. Yawancin lasifikokin mota om 4 ne. Idan aka haɗa biyu masu om 4 a kan hanya ɗaya, tabbatacciya da tabbatacciya, korarriya da korarriya, sun koma om 2. Idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya, sun zama om 8. Duk lokacin da om ya ragu, ampli na jan wuta fiye da da, yana kuma ƙara zafi. Akasarin rediyoyi an ƙera su ne domin om 4 zuwa 8, saboda haka ɗora lasifika biyu ko uku a kan waya ɗaya, abin da ake yawan yi a motocin haya, na daga cikin manyan dalilan ƙonewar rediyo.

Lamba ta uku ita ce dB da ake rubutawa a bayanin lasifika, wadda ke nuna yawan ƙarar da take yi da wuta kaɗan. Bambancin dB 3 daidai yake da ninka ƙarfin ampli sau biyu. Ke nan lasifika mai dB 91 na buƙatar rabin wutar da mai dB 88 ke buƙata kafin su yi ƙara iri ɗaya. Ga wanda ba zai sa ampli ba, wannan lamba ta fi wat muhimmanci.

Lasifika da aikin kowace

Kunnen matashi mai lafiya na jin sauti daga kusan hertz 20 zuwa 20,000. Babu lasifika ɗaya da ke iya fitar da wannan zango duka da kyau, shi ya sa aka raba aikin. Ƙaramar da ake kira twita na fitar da siririn sauti, irin kaifin algaita ko ƙarar kuge. Matsakaiciya, wadda ke cikin ƙofa, ita ke ɗauke da muryar mutum da yawancin kayan kiɗa. Babbar da ake sawa a akwati, wato sabufa, na fitar da amon ƙasa mai kauri irin na babbar ganga, galibi ƙasa da hertz 80.

Girman da aka fi samu a ƙofofi shi ne santimita 10, 13 da 16.5, sai mai siffar ƙwai ta inci 6 x 9 da ake sawa a baya. Sabufa kuwa ana samun ta santimita 20, 25 da 30. Ban da faɗi, a auna zurfi, domin maganaɗisun lasifika mai zurfi na iya hana gilashin ƙofa sauka.

Lasifikar ƙofa iri biyu ce. Akwai wadda aka ɗora twita a tsakiyarta, mai sauƙin sawa da araha. Akwai wadda aka raba twita daban, ana ɗaura ta sama kusa da gilashi, tare da ɗan akwatin da ke raba sauti tsakaninsu. Ta biyun ta fi fitar da murya a fili domin siririn sauti na tafiya ne kai tsaye, kuma idan ya fito daga wajen ƙafar direba, kujera da tufafi na shanye shi.

Yanayin Sahel na da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka sosai. Lasifikar da bakinta na soso ne na saurin ruɓewa, wadda fuskarta ta takarda ce kuma na shan wahala da ruwan damina da ke zirarowa cikin ƙofa. Mai bakin roba da fuskar filastik ta fi daɗewa. Ƙurar hunturu na taruwa a jikin ampli ta hana shi huce zafi, saboda haka kada a rufe shi da darduma ko kaya, kuma a riƙa kakkaɓe shi.

Dole a kula da tabbatacciyar waya da korarriya. Idan aka juya su a lasifika ɗaya, za ta riƙa turawa lokacin da ɗayar ke ja, amon ƙasa ya ɓace. Ana gwadawa da ƙaramin batir na volt 1.5 irin na tocila: idan aka taɓa tabbataccen kansa a tabbatacciyar wayar lasifika, fuskarta za ta yunƙuro waje. Ba a yin wannan gwaji a kan twita.

Wuta: inda haɗarin yake

Cikakken batir na nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe. Idan inji na aiki, altaneta na ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Kafin a ƙara komai, a sa mita a duba waɗannan lambobi biyu. Motar da ba ta caji yadda ya kamata ba za ta ɗauki ampli ba.

Ampli mai ba da wat 500 RMS na nau'in da ake kira Class D, wanda ke mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja ta zama sauti, na iya jan amfiya 45 idan an ƙure shi. Nau'in Class AB na ɓarnatar da kusan rabin wutarsa a zafi, don haka ya fi ja. Altanetar ƙaramar mota na ba da amfiya 70 zuwa 100 ne a galibi, kuma daga ciki ake kunna fitilu, fanka, na'urar sanyaya ɗaki da famfon mai. Idan fitilun gaba na dusashewa duk lokacin da ganga ta buga, alama ce an ɗora wa motar abin da ya fi ƙarfinta.

Sauraro da inji a kashe ma na da lissafi. Kayan da ke jan amfiya 10 na tsawon sa'o'i uku sun cinye rabin batir mai 60Ah. Batirin tayar da mota ba a ƙera shi domin a riƙa zuƙe shi haka ba, kuma maimaita hakan na rage masa kwana.

Babban ampli na buƙatar wayarsa ta kansa daga batir. Ga ƙarami, mai kaurin milimita murabba'i 10 kan isa. Ga mai wat 500 zuwa 1,000, ana amfani da mai 20 zuwa 25. A kasuwa akwai wayoyi masu arha da ake rubuta wa CCA, waɗanda alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ba sa ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, kuma sun fi saurin zafi da cin tsatsa. Idan aka kankare bakin wayar aka ga fari a ciki, alminiyam ce.

Ƙa'idar da ba a sassauta ta ita ce ta fiyus. Dole a sa shi a kan babbar wayar, kusa da batir, tazarar da ba ta wuce santimita 30 zuwa 45 ba. Fiyus ɗin da ke jikin ampli na kare ampli ne kawai. Na kusa da batir shi ne ke kare motar: idan ƙarfe ya yanke rigar wayar a wani wuri, batir na iya tura ɗaruruwan amfiya nan take, wayar ta yi ja, ta kunna darduma. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Idan fiyus ya ƙone, a nemi dalili, a maye shi da mai lamba iri ɗaya. Ɗaura zaren waya ko takardar sigari a madadinsa cire kariya ne gaba ɗaya.

Wayar ƙasa ta ampli ta kasance gajera, kaurinta ɗaya da babbar wayar, a ɗaure ta da noti a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti. Kukan da ke tashi a lasifika yana ƙaruwa idan an taka totur yawanci daga mummunan ɗaurin wannan waya yake. Yana kuma taimakawa a bi da wayoyin sauti ta gefe ɗaya na motar, babbar wayar wuta ta ɗaya gefen.

Manyan motoci na dakon kaya da bas-bas da yawa na amfani da volt 24. Rediyon volt 12 zai ƙone idan aka haɗa shi kai tsaye. Ana buƙatar na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12. Jan wuta daga batir ɗaya cikin biyun na sa su tsufa ba daidai ba.

Kafin a taɓa kowace waya a cire korarren kan batir. A tuna cewa wasu rediyoyin asali, kamar na Renault, Ford da Honda, na neman lambar sirri bayan an yanke musu wuta. Wayoyi da soket masu launin rawaya a ƙarƙashin sitiyari ko kujera galibi na jakar iska ta kariya ce, ba a gwada su, ba a yanke su.

Saita ampli

Maɓallin da aka rubuta wa Gain a jikin ampli ba na ƙara murya ba ne. Aikinsa daidaita ampli da ƙarfin abin da rediyo ke turo masa. Idan aka murɗe shi har ƙarshe, sautin na yankewa a sama, ya yi kaushi, kuma wannan gurɓataccen sauti na dafa zaren da ke cikin lasifika. Ta haka ƙaramin ampli da aka matsa wa lamba ke ƙona babbar lasifika.

Hanya mai sauƙi ita ce a mayar da Gain ƙasa, a kashe duk wani ƙarin bes, a kai muryar rediyo kusan kashi uku cikin huɗu, sannan a riƙa ɗaga Gain a hankali har sautin ya fara kaushi, sai a ɗan koma baya. Daga nan a kunna HPF wajen hertz 80 ga lasifikokin ƙofa domin a tsare su daga amon da ya fi ƙarfinsu, a kunna LPF wajen 80 ga sabufa.

Da me za a fara

Ga mai ƙaramin kasafi, lasifikokin gaba ne suka fi cancantar kuɗin farko, domin su ne ke kusa da kunne. Bayansu sai liƙa shimfiɗar hana karkarwa a cikin ƙofofi, sai rediyo idan tsohon ba ya karɓar waya. Ampli da sabufa su zo daga ƙarshe, bayan an tabbatar da lafiyar batir da altaneta. Wanda matsalarsa Bluetooth ce kawai na iya sayen ƴar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, mai tura sautin waya zuwa rediyo ta FM, ko da yake ingancinta bai kai na haɗin kai tsaye ba.

Wajen sayen na hannu, a danna fuskar lasifika a hankali da yatsu: idan ana jin gogayya a ciki, ko tana warin ƙuna, a bar ta. A nemi a gwada ampli na aƙalla minti goma kafin a biya.

Kunne da hanya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ma'auninta, babba na iya sauraron dB 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ba tare da illa ba, kuma lokacin na raguwa da rabi a duk ƙarin dB 3. Mota mai sabufa da gilasai a rufe na iya haura dB 100, matakin da ke iya cutar da kunne cikin mintuna. Ƙwayoyin ji da suka mutu a cikin kunne ba sa dawowa, kuma direbobin haya da ke wuni a mota, da yaran da ke zaune kusa da lasifikokin baya, su ne suka fi shiga haɗari. Idan direba ba ya jin hon ɗin babur ko jiniyar motar asibiti, ko kuma sai fasinja ya ɗaga murya kafin a ji shi, to sautin ya yi yawa, a rage.